Ranar da Na Zama Gangar Noma

Shekara ashirin ke nan, amma mutanen Kagara ba su manta ba. An yi gayya a gonar surukina, ƙarti talatin sun jeru da hauya, sai fatar gangar Ando makaɗi ta fashe. Aiki ya tsaya, ga ciyawa ta kusa shaƙe geron.

Ni kuwa na taɓa zama wurin makaɗa, na ji yadda suke koyar da kiɗa da baki kafin hannu ya taɓa ganga. Na hau tudu na ce wa surukina, "Baba, mi yay yi zahi? Ganga tana bakina."

Ando ya ce, "Sabko, malam. Ganga ba ta numfashi, kai kana yi."

Ban sauko ba. Na kama: "Din-din-ka-dan!" A kan "dan" kowace hauya take sauka. Da farko abin ya tafi daidai, har ina lumshe ido. Sai iska ta fara ƙare mini. Duk na tsaya jan numfashi sai "dan" ya makara, manoma sun riga sun taka gaba, hauya ta sauka kan gero. Maimakon in yi shiru, sai na ƙara sauri.

Surukina ya bi gonar yana tsintar geron da aka sare. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "To, ciyawa dai ta tsira." Rumbunsa ko rabi bai kai ba a shekarar, kuma har ya rasu ban iya haɗa ido da shi ba.

Yanzu kaina duk furfura, amma ko a majalisa na ja dogon numfashi sai wani ya ce, "Jama'a, ku kauda geronku, ganga za ta sha iska."