Yadda na sauya wa Kawu jam'iyya

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Gangara ba, duk da wallahi na yi ƙoƙarin mantawa. Shekarar da sojoji suka ce za su mayar wa farar hula mulki ce, kowa ya tashi neman kujera, har da Kawuna Alhaji Idi, wanda ya fito takarar konseye, wato kansila.

A lokacin ni ne gwanin dangi. Na je Maradi na koyi ordinata (abin da mutanen tsallaken iyaka ke kira kwamfuta), na dawo Gazawa da wata tsohuwa da na saya ta hannu, na ajiye ta a shagon cajin waya, na raɗa wa wurin suna buro, wato ofis. Ko gaisuwa ba na amsawa sai na gama danne-danne.

Kawu ya zo ya ce, "Ɗana, hoton takara nake so. Ka san mutanenmu ba karatu suke ba, launi suke dubawa. Namu ja ne, jawur. Kada ka kuskura ya yi kama da na su Alhaji Mamman." Alhaji Mamman shi ne abokin hamayyarsa, launin jam'iyyarsu ruwan goro.

Na ce, "Haba Kawu, da wa kake magana?"

To ashe allon ordinatar nan ya tsufa, ya daina faɗin gaskiya. Akwai wurin da ake shiga a cikinta a saita launi, don abin da allo ya nuna ya zo daidai da abin da injin bugawa zai fitar. An koya mana wannan a Maradi (ni dai ina kujerar baya ina wasan karta a ordinatar makaranta). Sai kawai na yi ta jan launi har ya yi mini ja a ido, Kawu ya leƙa ya ce madalla. Na aika aikin Maradi, aka buga, aka ɗaure, aka ɗoro a taksi.

Na hana kowa kwance ƙunshin. Na ce sai a tsakiyar kasuwa, gaban jama'a, don a san wanda ya yi aikin. Ranar har babbar riga na ara.

Maroƙa na kiɗa, Kawu na tsaye yana ɗaga hannu, na yanke igiya, na zaro hoto ɗaya na ɗaga sama ba tare da na kalla ba. Kiɗan ya tsaya. Can daga rumfar mahauta, inda mutanen Alhaji Mamman ke zama, sai guɗa ta tashi. Na juyo da takardar. Ga Kawu yana murmushi, hularsa, rigarsa da bayansa duk ruwan goro, kamar an tsoma shi a miyar manja.

Kafin in buɗe baki, Alhaji Mamman da kansa ya ratso taro ya rungume Kawu. "Alhaji Idi, ai da ka gaya mini tun da wuri, da na aiko mota ta ɗauko ka. Barka da dawowa gida."

Kawu ya juyo ya dube ni. Ni kuma, don rashin kunya, na ce, "Wallahi Kawu a cikin ordinata ja ne."

Ya ce, "To je ka ɗauko ordinatar ta yi zaɓen."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na fara tattara takardun, amma mata sun riga sun wawashe rabi, don masu ƙosai ba sa barin takarda mai kyau ta wuce su.

Ranar zaɓe Kawu ya sha ƙasa. Da yamma na je gaida kakarmu, uwar da ta haife shi, ta kama hannuna tana fara'a ta ce, "Jikana, na yi yadda ka nuna. Na laluba har na samo ƙuri'a mai ruwan goron, na jefa wa Idi."

Har yau ban gaya mata ba. Amma tun daga nan, kowane aiki sai na buga gwaji guda, na fita da shi rana, na tare mai wucewa na tambaye shi, "Malam, don Allah wannan wane launi ne?"