Yadda Darakta Ya Gyara Saniyar Gwaggo Asta

Wagini ta yi sa'a, kuma ya kamata ta san ta yi. Daga Batsari har Safana, wane gari ne zai bugi ƙirji ya ce yana da kamar Muntasir Ɗantsoho? Mutumin da ya tafi digiri na biyu a fannin noma, ya ga abin ya yi masa kaɗan, ya ƙara da kwas na zaɓi har guda biyu, ɗaya zanen kwamfuta, ɗaya sarrafa hoto. Wata uku-uku. Shi digirin yana nan tafe, shekara ta huɗu ke nan, amma 'yan hassada ne kawai ke tambayarsa. Kwasa-kwasan zaɓin nan su suka dawo mana da shi da tabarau marar magani, da jakar laftof da ko sahun salla sai ta shiga, da kati mai ɗauke da "Daraktan Ƙirƙira". 'Yan majalisar bakin tasha suka taƙaita, suka ce Darakta. Yana jin daɗin sunan ƙwarai, don bai taɓa waiwayowa ya ga fuskokinsu ba.

"Matsalar mutanenmu ido," in ji shi, duk inda ya samu mutum biyu a zaune. "Kuna kallo, ba ku gani. Mu da muka yi dizain a matakin gaba da digiri, ko tuwo aka ajiye mana sai mun duba daidaiton launinsa da miya."

Ana cikin haka saniyar Gwaggo Asta, ƙanwar mahaifinsa, ta ɓace. Ta bi wani garke da ya ratsa ta bayan gari, ba a ankara ba sai da yamma. Ita ke nan gare ta, tun rasuwar mijinta da nonon saniyar take riƙe gida. Ga kuma ɗan maraƙi na sati biyu a turke, ya ƙi kunu, ya ƙi komai, sai kuka. Saniyar kuwa ko makaho ya shafa ta zai gane ta: ja ce, ƙahon hagu ya karye, kunnen dama da tsaga biyu irin ta gidansu, ga farin tabo a goshi wanda saboda shi ake ce mata Kyalla.

Gwaggo ta ɗauki mayafi za ta wurin Musbahu mai shela, wanda in ya yi cigiya a kasuwar Batsari kafin la'asar labari ya kai kowace ruga. Darakta ya tare ƙofa.

"Haba Gwaggo, da ni a gidan nan? Zamanin cigiya da baki ya wuce. Kamfen za mu yi. Ki ba ni hotonta kawai, ki koma ki zauna."

Aka samo hoton a wayar maƙwabta. Darakta ya buɗe laftof, ya dubi Kyalla, ransa ya ɓaci. Wannan ce za ta fita da tambarinsa a ƙasa? Sai ya ji tausayinta, ya yi mata abin da ba wanda ya taɓa yi mata. Ya kwafi ƙahon dama ya dasa a hagu. Ya ɗinke kunne. Farin goshin nan ya share shi tas, don a kwas an ce musu duk abin da ke ɗauke hankalin mai kallo a kawar da shi. Jan ma ya ga ya yi duhu, ya haska shi har ya koma ruwan madara. Ya cike mata haƙarƙari, ya ɗaga tozo, ya ɗauke ta daga gindin dalbejiyar gidan ya tsayar da ita cikin wata koriyar ciyawa da ba a taɓa gani ba a ƙasar Katsina.

Kwana uku aikin ya ci, biyu daga ciki wajen zaɓen salon rubutu. Kullum Gwaggo sai ta leƙo ta ce maraƙin fa ya fara kwanciya. Kullum Darakta sai ya ɗaga mata hannu ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce ƙirƙira ba ta son gaggawa.

Ranar da fosta ta fita, gaskiya ta yi kyau, ba mai musu. Ta zaga wayoyin Wagini, Yasore da Karare. Mutane suka yi ta sa albarka, wasu suka ɗora ta a fuskar waya. Darakta ya zauna yana ƙirga masu yabo, yana karanto wa Gwaggo sunayensu. Ita kuwa ba ta ga fostar da kyau ba, idonta ya yi rauni, kuma hankalinta na turke.

Kwana na biyar wani mai babur ya ce ai akwai wata baƙuwar saniya ɗaure a rugar Ardo Sammani, kusa da Karare, tun ranar da ta Gwaggo ta ɓace. Al'adar wurin ke nan, dabbar da aka tsinta a kai ta gidan Ardo, mai ita ya zo ya faɗi kamanninta. Gwaggo ta hau babur, Darakta ya bi ta da jakarsa don ya ɗauki bidiyon nasarar kamfen.

Kyalla ce, ba ko tantama. Gwaggo ta fashe da kuka don murna. Amma Ardo Sammani dattijo ne mai tsoron haƙƙi. Ya sa aka buɗe masa fostar a waya, ya dubi hoto, ya dubi saniya.

"Asta, ba na ƙaryata ki. Amma cigiyar gidanku ce wannan, mun gan ta tun shekaranjiya. Kun ce fara, mai ƙaho biyu, kunne lafiyayye. In na ba ki wannan, gobe mai ita ya zo, me zan ce masa?"

Darakta ya gyara tabarau, ya matso gaba. Ya yi wa Ardo bayanin cewa hoto ba kwafin abu ba ne, fassararsa ce, kuma abin da ke fosta shi ne ruhin saniyar. Ya kawo sunan kwas ɗin da lambarsa. Ardo ya saurara har ƙarshe, don mutum ne mai haƙuri, sannan ya ce shi jikin saniya aka ba shi ajiya.

Gwaggo ta juya ta hau babur. Ta koma Wagini, ta sa aka ɗora mata maraƙin a kan babur, ta rungume shi har Karare, kansa na lilo. Tun kafin a sauke shi Kyalla ta saki wani kuka, ta fizgi igiya har turken ya girgiza. Aka ajiye shi, ya yi tangaɗi, ya faɗi, ya tashi, ya cusa kai ƙarƙashinta. Ta hau lasarsa. Ardo da kansa ya kwance igiyar ya miƙa wa Gwaggo.

Darakta ya juya kyamara wajen fuskarsa, ya fara bayanin yadda fasahar zamani ta haɗa uwa da ɗa. Ardo ya dafa kafaɗarsa a hankali, ya nuna masa fostar.

"Ɗana, ita wannan ta hoton, har yanzu ba a gan ta ba?"

Gwaggo ta ja igiyar saniyarta, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Ku bar shi ya ci gaba da neman tasa, Ardo. Ni dai na samu tawa."