Albarushin Baba Arzika

A ƙauyen Tudun Kanya akwai wani gida mai mutum uku: Baba Arzika, tsohon maharbi da idonsa ya mutu, ƙanwarsa Gwaggo Lanti mai yi musu tuwo, sai ɗansa Cindo, ƙato mai shekara talatin, wanda in ka faɗa masa magana, yadda ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta. Bindigar tokar Baba tana rataye a bango shekara shida. Kullum da hantsi yakan sa a sauko masa da ita, ya ɗora a cinya, ya yi ta shafa ta yana lissafa fadamun da ya taɓa kwanton barewa. Abokinsa da ke haɗa masa albarushi ya rasu, ƙahon da ake zuba shi kuwa ko ƙwaya babu.

Wata rana Baba ya ce, "Cindo, ina so ka harbo mini barewa da bindigar nan kafin in mutu. Irin albarushina ya ƙare a duniya. Je ka kasuwa ka nemo madadinsa, amma mai zafi." Cindo ya dawo da ƙullin yaji. Baba ya kwance, ya kai hanci don ya ji ƙanshin da ya yi kewa. Ya yi atishawa har rawaninsa ya faɗi.

"Na ɗanɗana na mutum huɗu, Baba," in ji Cindo. "Wannan ya fi zafi."

Wata rana kuma Baba ya ce, "Ba zafin baki nake nufi ba. Gari za ka samo mai tashi, wanda ba ya ƙin tashi ko da damina." Cindo ya tafi wurin mai burodi, ya karɓo yis, ya kwaɓa da fulawa kamar yadda aka koya masa, ya ɗura wa bindiga, ya jingine ta a rana. Kafin azahar ƙullun ya kumburo ta bakinta yana zuba ƙasa.

"Baba, ya tashi!"

Gwaggo Lanti ta yi dariya har da hawaye. Baba bai yi ba. Kwana biyu yana sakace bindigar da tsinke, yana ba ta haƙuri a hankali.

Wata rana wani baƙo mai tallar kayan farauta ya ba Cindo albarushi na gaske a ɗan gwangwani. Ya ce masa, "Ka ajiye shi wuri mai sanyi." Cindo ya duba gidan kaf, bai ga inda ya kai randa sanyi ba, sai ya buɗe gwangwanin ya nutsa shi a ciki. Da Baba ya ji, ya juya fuska ga bango, ya ƙi cin tuwo. Washegari Dogara maƙeri ya zo gaishe shi, aka tsamo masa gwangwanin. Ya murza abin da ya rage a tafin hannu, ya yi salati.

"Baba, wannan na harsashin bindigogin zamani ne. Da an ɗura shi a tsohuwar nan, da ta tsage a fuskar mai riƙe da ita."

Baba ya miƙa hannu ya lalubo fuskar Cindo, ya daɗe yana shafa ta, goshi da hanci da kunne. Sannan ya ce a mayar da bindigar bango.

Wata rana da sassafe ya ce, "Goya ni zuwa Fadamar Kuka. Bar bindiga." Cindo ya goya shi har gindin wata tsamiya, suka zauna a bayan ciyawa. Baba ya shaƙi ƙanshin laka, ya raɗa masa, "Ni ba zan ga barewar ba. In ta zo shan ruwa, ka gaishe mini da ita."

Rana ta ɗaga kafin bareyi su fito, uwa da 'ya'ya biyu da wani babban namiji. Cindo ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya buɗe murya iyakar ƙarfinsa.

"Salamu alaikum! Baba Arzika yana gaishe ku!"

Bareyin suka zabura. Kofatai suka tarwatsa ruwa, suka bi ta kan busasshiyar ƙasa, ƙwas ƙwas ƙwas, ciyawa na karyewa a bayansu. Baba ya ɗaga kai, ya karkata kunne, bakinsa a buɗe, yana bin sautin har ya ɓace a gabas.

"Huɗu ne," ya ce. "Na bayan namiji ne, yana ɗingishi da ƙafar hagu."

"Wallahi haka ne, Baba! Amma ba su amsa ba."

Tsohon ya share ido da bakin riga.

"Sun amsa, Cindo. Zauna, ƙila wasu su zo."