Ranar da Na Ce wa Surukina Ya Yi Shiru

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da gauraka ta raba ni da aure ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, duk wanda ya iya riƙe biro a Jalingo ya samu tebur a ofis, ban da ni. Ga shi ina neman auren Aisatu, mahaifinta Baffa Hammadu kuwa ya faɗa mini ƙiri-ƙiri ba zai ba zauna-gari-banza 'yarsa ba.

Ana nan sai wani Bature mai binciken tsuntsaye ya sauka a unguwarmu, Yelwa, yana neman ɗan rakiya. Na ce masa babu tsuntsun da ban sani ba (gaskiyar magana, daga kaza da zabo ilimina ya ƙare). Ya ce in na kai shi inda zai ɗauki hoton gauraka, zai ɗauke ni aiki. Sharaɗinsa ɗaya ne: in tsuntsu ya sauka, ko kunama ce ta harbe ni kada in yi tari.

Muka yi ta gantali, yau Sunkani, gobe bakin kogi, babu gauraka babu dalilinta. Sai ranar da zai koma, muna kwance rub da ciki a ciyawar wata fadama kusa da Iware, ga su nan guda biyu sun sauka. Ya miƙo mini madubin hangen nesa, shi kuma ya shiga saita kyamara.

Sai na ji takun shanu a bayana.

"Salamu alaikum. A wali jam?"

Baffa Hammadu ne (na manta shaf can yake kai shanunsa da rani). Dattijon da nake durƙusa wa tun daga nesa, yau shi ya fara gaishe ni, yana yi mini ina kwana da Fulatanci. Ya sake maimaitawa. Ni kuwa da hankalina ya riga ya tafi wurin albashi, na waiga na ɗora yatsa a leɓe na ce, "Shhh!" Har da yi masa hannu wai ya tsuguna.

Ya dube ni, ya dubi inda na auna madubin. Can bayan gaurakin, matan ruga ne ke wanki a rafi, har da mahaifiyar Aisatu. Wallahi ni sai lokacin na gan su.

"To, yaro, wannan ne aikin da ka samu?"

Na miƙe zumbur, na sake zubewa a gabansa ina ɗaga murya, "Baffa, tsuntsu ne, wallahi tsuntsu nake kallo!" Da jin haka gaurakin suka yi sama. Baffa ya kare ido da hannu, ya duba fadama a natse, ya ce, "Ina tsuntsun?"

Baturen bai samu hoto ko ɗaya ba, muna isowa gari ya sallame ni, maganar aiki ta bi ruwa. Kafin damina aka ɗaura wa Aisatu aure da wani akawu. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, kuma har yau in na ji kukan gauraka sai na waiga bayana.

Ni dai na tashi ba tsuntsu ba tarko. Tun daga ranar, in babba ya yi sallama amsawa nake yi da sauri, ko me zai tashi ya tashi.