Wata Huɗu Ina Juya Ɓeran Kamfani

Ni na fara ganin wannan dabara ta nuna kana bakin aiki alhali ba ka nan, tun kafin a haifi masu kamfanin. Shekara arba'in da suka wuce na je neman takardar gona a wani ofis a Gusau. Na tarar da babbar riga a rataye kan kujera, hula a tebur, fanka tana juyawa. Aka ce Ranka-ya-daɗe yana nan, ya ɗan zaga ne. Kwana tara ina zuwa ina gaida riga.

To, 'yata Suwaiba ta samu aiki a wani katafaren kamfanin fasaha na ƙasar waje, amma daga ɗakinta a Kekun Waje take yi. Babu ofis, babu ubangidan da za a kai wa zabi da Sallah. Kwamfuta ce kawai, da wani koren ɗigo a gefen sunanta. Muddin ana motsa ɗan abin nan da suke kira ɓera, ɗigon yana kore, wato tana bakin aiki. In ya sauya launi sau uku a wata, sai sallama. Kuma sallamarsu saƙo ne a waya, ba ka da ƙofar da za ka tura dattawa su ba da haƙuri.

Wuta kuwa, Masu Girma sun yi mana alkawarinta a zaɓe uku. Allah ya saka musu, turakun da suka kafa suna da amfani, a nan muke ɗaure awaki. Dole sai janareta, janareta sai mai, mai sai layi a Gusau. Wa zai riƙe ɗigo in ta tafi da jarka? Ni. Ban taɓa zama a aji ba, amma na tsira daga fari biyu da cizon kububuwa, ɓeran roba ba zai gagare ni ba.

Maƙwabcina Kamilu tela ya leƙo ya ce, "Baba Mahadi, yau kuma noman tebur ake yi?"

Na ce, "Kai dai taka kekenka. Ni da Turawa nake aiki."

Ranar Laraba hannuna ya goce na danna wani wuri. Sai ga fuskoki kamar talatin, kowa a ɗan akwatinsa, har da ni da hulata. Taro suke. Ban razana ba, don na san yadda manya ke zaman taro: na haɗe rai, na riƙa gyaɗa kai a hankali, lokaci-lokaci in dubi silin kamar mai auna magana. Wata mata mai gilashi ta yi ta kiran "Suweba, Suweba". Na ɗaga mata hannu na ce lafiya lau, ya yara.

Ana haka Suwaiba ta shigo da jarka. Ta aje ta a hankali ta ce, "Baba, ka kashe ni."

"Ni da na wakilce ki?"

Ta ture ni ta zauna, ta faɗa musu gaskiya duka, har ta ɗaga jarkar suka gani. Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba, waya na ƙara sai ta zabura.

Saƙo ya zo, amma ba na sallama ba. Kwana goma sha ɗaya sai ga mota daga kamfanin da farantan sola da batura. Ba a yi taron ƙaddamarwa ba, ba a yanka kirtani ba, babu wanda ya liƙa hotonsa a jiki. Masu Girma su yafe musu, ba su san tsari ba.

Sai dai fa yanzu ba ta da uzuri. An yi suna a Rawayya ba ta je ba, an yi rasuwa a Tsafe ta yi gaisuwa ta waya. Aikin ya tsira, ita ce ba ma gani. Ni kuma an kore ni, ko na gode babu.

Kamilu yana yawo da cewa ƙarya nake. Wanda duk ya bi bayansa, ya zo Kekun Waje, ɓeran yana nan. Ya juya shi daga hantsi zuwa la'asar ba gyangyaɗi, sannan ya fuskanci mai gilashi. In ya iya, ga hulata, ya rataye a kujerarsa.