Abin da Na Gani a Ƙarƙashin Harshena

Da hantsi ina asuwaki, na ɗaga harshe gaban madubi, sai ga jijiyoyi shuɗɗa da wata tsoka mai geza-geza. Ni da na yi kwaleji ban tambayi kowa ba, salula na duba. Sunan abin plica fimbriata. Na ce cuta mai sunan Latin ba ta barin mutum. Na nemi gafarar Inna, na ba ƙanwata Hadiza atamfata ta Salla, na hau motar Tanout zuwa asibiti.

Da azahar majo, babbar ma'aikaciyar jinya, ta duba ni, ta ɗaga nata harshen. "Ƴata, kowa da shi aka haife shi."

Har yau in na nemi atamfata, sai Hadiza ta ce, "Yaya, ana mayar da gado?"