Na-Sani da Kekensa Mai Naɗewa

Idan ana lissafa manyan matafiya na wannan zamani, zalunci ne a tsallake Na-Sani. Gaskiya ne bai taɓa wuce garin da ƙanwarsa take aure ba, amma wannan laifin hanya ne. Shekaru ya kwashe yana mataimakin manajan sufuri a wani kamfanin sabulu, inda ya riƙe makullan motoci da ƙwarewar da har yau ba a samu magajinta ba. Sunansa na yanka ma ya ɓace a ofis, domin kafin ka rufe baki ya ce maka, "Ai na sani." Ko cewa ka yi yau an tashi da zafi, ya riga ka samun labari.

Da ya yi ritaya, kamfanin ya nuna rashin tarbiyya, ya karɓe motar da yake hawa. Fanshon kuwa bai isa ya sayi wata ba. Ƙaramin mutum da sai ya ce ba hali. Na-Sani tara maƙwabta ya yi a ƙofar gida, ya gyara tsayuwa, ya sanar da su cewa ya yafe mota har abada.

"Mota kurkuku ce mai taya huɗu," in ji shi. "Masu hangen nesa keke suke hawa. Zan zagaya ƙasar nan a kan keke, matasa su ga abin da ake kira juriya."

Zangon farko garin ƙanwarsa ne, kuma ba a banza ya zaɓe shi ba. Mijinta yana da gidan mai da motoci har uku, kuma tun da aka yi ritayar, duk wayar da suka yi sai ya tambaya cikin ladabi, "Yaya, ina labarin mota?" Wannan ladabin ya daɗe yana ci wa Na-Sani rai.

Sai aka shiga neman keke. Sharuɗɗansa ba su da yawa: ya zama marar nauyi har yatsa ɗaya ya ɗaga shi, ya naɗe ya shiga jaka, ya iya hawa dutse, sannan farashinsa ya dace da falsafar mai shi, wato ya yi araha. Ya ari sikelin ratayawa na matarsa daga kicin, ya bi shagunan keke ɗaya bayan ɗaya. Bai hau ko guda ba. Ratayawa yake yi a sikeli, ya tsuke baki, ya yi wa mai shago lacca a kan ƙarfe da giya da faɗin taya. Masu shagon da suka tsufa a sana'ar suka gano ashe duk rayuwarsu a duhu suke.

Ya samu sababbi biyu da suka cika kowane sharaɗi. Da aka faɗa masa kuɗin na farko, nan take idonsa na gwani ya gano launin bai dace da doguwar tafiya ba. Na biyun ma da jin farashi ya ce sarƙarsa tana da ƙarar da kunnen talaka ba zai ji ba. A ƙarshe wani shagon gwanjo da ke bayan kasuwa ya ci sa'ar sayar masa da wani ɗan keke mai ƙananan tayoyi, wanda ke naɗewa a tsakiya, fedojinsa kuma a cire su a mayar.

A tsakar gida aka yi wa keken tiyata. Ya kwance ƙararrawa, ya cire fitila da marfin taya da ƙafar jingina. Sirdi mai laushin da ya zo da shi ma ya musanya da wani siriri kamar bakin wuƙa.

"Kowane giram abokin gaba ne," ya faɗa wa matarsa, yana shafa tumbin da ya riga shi shiga kowane ɗaki.

Ita dai ta ce ko zai ɗan gwada zagaya layi kafin ranar tafiya. Ya dube ta da tausayi, ya bayyana mata cewa gwani ba ya ɓarnatar da ƙarfinsa a gwaji. Daga nan ya haɗa kaya, abin da ya zama dole kawai: kwat biyu, dutsen guga, matashin kai, da allon yabon da kamfani ya ba shi ranar sallama.

Ranar tafiya maƙwabta suka fito. Ya sa hular kwano da tabarau baƙi, ya yi jawabi, ya ce kada kowa ya yi kuka. Ba wanda ya yi niyya. Ya hau, keken ya yi wani ɗan nishi, aka tafi ana tangaɗi.

A yi masa adalci, ya fita gari. Sai dai a bayan gari akwai wani tudu da mota ba ta taɓa gaya masa yana nan ba. Kafin ya kai rabi numfashi ya ƙare, gwiwoyi suka yi yajin aiki, sirdin nan kuma ya shiga rama abin da aka yi wa ɗan'uwansa. A nan ne hikimar Na-Sani ta bayyana. Ya laɓe bayan wani allon talla, ya naɗe keken, ya cire fedoji, ya cusa komai a jaka, ya tsayar da bas.

Direba ya ce a sa jakar a but. Na-Sani ya ce wannan ba buhun gawayi ba ne, ya biya wa keken kujera guda, ya zaunar da shi a gefen taga. Tun daga nan fasinjoji ba su huta ba. Ya bayyana musu cewa nazarin hanya ya shigo yi, ba gajiya ba. Ya buɗe jaka ya nuna musu kayan keken ɗaya-ɗaya. Ya kuma tabbatar kowa ya ji cewa babban gidan man da ke bakin gari na mijin ƙanwarsa ne, gidansu kuma shi ne mai shuɗin get a bayansa, duk garin ba wanda bai san shi ba.

Ana hango gari ya ce a sauke shi. Bas ta wuce, ya buɗe keken, ya laluba jaka ciki da waje, feda ɗaya ce. Ya zazzage jakar, babu ta biyun. Amma babban mutum ba ya rasa dabara. Ya tuttula ruwan gora a ƙirji da hammata, ya goga baƙin man sarƙa a wando da goshi, ya turo keken yana ɗingishi.

Ƙanwarsa na ganinsa ta dafe ƙirji. "Yaya, da gaske a kan wannan abin ka zo?" Ta rasa inda za ta sa shi. Mijin nata kuwa, karo na farko a tarihi, ya tashi ya ba shi kujerarsa, bai ko ambaci mota ba. Har ma ya aika aka kira ma'aikatan gidan mai su zo su ga dattijon da ya fi su zuciya.

Na-Sani ya kurɓi ruwan sanyi, ya jira falo ya cika.

"Tudu bakwai na hau," ya ce. "A na ƙarshe na taka da ƙarfin da ƙarfe bai iya ɗauka ba. Feda ta ɓalle, ina kallo ta faɗa wani kwazazzabo da ba a ganin ƙarshensa. Da wani ne, da ya nemi mota. Ni na ce ko da ƙafa ɗaya sai na iso."

Ana cikin jinjina kai aka ji hon a bakin get. Jim kaɗan mai gadi ya shigo da wani mutum riƙe da makullin mota a hannu ɗaya, feda a ɗayan. Ya yi sallama, ya gaida kowa, ya nufi Na-Sani da fara'arsa.

"Baba, ga wannan, a ƙarƙashin kujera na tsince ta. Allah ya sa ka yi ta kwatanta gidan, da ban san inda zan kai ta ba."

Maigidan ya karɓi fedar, ya juya ta a hannu, ko ƙwarzane babu. Ya tambayi direban, cikin ladabin nan nasa, ko ya sha wahala wajen fito da ita daga kwazazzabon. Direban bai gane ba, ya ɗan yi dariya don kada a ce bai da kara, ya juya zai fita. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Af, Baba, gobe da safe zan koma. In ajiye muku kujera biyun? Keken ne mai gefen taga, ko?"